Rigimar boko a makarantun Yahudawan Niyok, daga bakin wanda ya yi gadin ƙofarsu

Tun da aka fara wannan takaddama tsakanin gwamnatin jihar Niyok da wasu makarantun Yahudawa a kan rashin koya wa yara isasshen boko nake son in sa baki amma sai in ja da baya, saboda na san halin mutanenmu, kana ambaton Bayahude wani ya riga ya yanke hukunci tun bai kai layi na biyu ba. To yau dai zan faɗa, wanda ya fara karantawa don Allah ya kai ƙarshe. Shekara huɗu na yi ina gadi a ƙofar wata makarantarsu, bakwai saura na safe ina bakin aiki sai bayan la'asar nake tashi. Kamfanin da nake wa aiki ne ya tura ni can, don bayan harin da aka kai wurin ibadarsu a Pittsburgh a Oktoban 2018 aka kashe mutum 11, kusan kowace makaranta tasu ta shiga neman ƙarin masu gadi. Ranar da na gaya wa yayana sai ya ce, kai yanzu duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka nemi abinci sai ƙofar Yahudawa? Na ce Yaya halak ɗina zan nema, yara ne kuma zan tsare, ka dai sa min albarka. Ya yi shiru can ya ce Allah ya tsare.

Da farko dai mutum ya gane cewa makarantun nan ba iri ɗaya ba ne. Ƙidayar da aka yi a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ta nuna yara wajen 292,000 a makarantu 906 a faɗin Amurka, kuma mafi yawansu suna jihohin Niyok da New Jersey. Wadda na yi wa aiki irin waɗanda suke haɗa karatu biyu ne a rana ɗaya, rabin yini Attaura da Ibraniyanci da Talmud (babban littafin fiƙihunsu), rabin yini Turanci da lissafi da kimiyya da tarihi, kuma ba wai haɗawa ta jeka-na-yi-ka ba, duka ɓangarorin biyu ana yin su da gaske. Wannan tsari ya daɗe, tun 1937 wani babban malaminsu Joseph Soloveitchik da matarsa suka buɗe irinta a Boston suka sa mata sunan Musa ɗan Maimun, malamin nan nasu haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a fadar Salahuddin a Masar, yawancin littattafansa ma da Larabci ya rubuta su.

Da safe kafin a taɓa kowane littafi sai an yi addu'a tukuna. Yaran da suka kai shekara 13 za ka ga sun ɗaura wasu 'yan akwatunan fata baƙaƙe, ɗaya a goshi ɗaya a damtse da igiya nannaɗe har yatsa, ƙananan kuma suna can ajinsu suna rerawa da malamarsu. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani babban ɗaki da suke kira bet midrash, wato ɗakin karatu. Satina na farko na ji hayaniya ta kaure a ciki, ana buga tebur ana ɗaga murya, na taho da sauri na ɗauka faɗa ake yi, ina leƙawa sai na tarar yara ne bibbiyu bibbiyu sun sa littafi a tsakani suna musu, malamin kuma yana zagayawa hannunsa a baya hankalinsa kwance. Da ya ga fuskata ya fito ya ce min abokina haka karatun yake, habruta muke ce masa, kowane yaro yana da abokin karatu, ɗaya ya karanta ya fassara ɗayan ya ƙi yarda sai an kawo masa hujja. Ya ce ran da ka ji ɗakin nan shiru to ranar ce za ka zo da gudu.

Wata rana kuwa wasu yara biyu 'yan shekara goma suka zo teburina da kuɗi a hannu, dala bakwai, sun tsinta a bakin matakala. Kafin su miƙo min sai da suka tsaya suna ja-in-ja a gabana. Ɗaya ya ce kuɗin a warwatse suke, ba su da wata alama, mai su ya riga ya fid da rai, don haka na wanda ya tsinta ne. Ɗayan ya ce a'a, a ninke suke ɗaya kan ɗaya, ninkin nan shi ne alama, dole a yi cigiya. Ashe babin da ake fara koya musu ke nan a Talmud, babin tsintuwa, wanne ne za ka riƙe wanne ne sai ka yi shela. Wallahi sai na tuna zauren malaminmu a gida lokacin da muka zo babin tsintuwa a fiƙihu, yana gaya mana sai an yi cigiya shekara guda. Daga ƙarshe suka rubuta takarda suka manna a allon sanarwa, ba su faɗi adadin kuɗin ba, suka ce mai su ya zo ya faɗi nawa ne da yadda aka ninke su. Kwana biyu wata malama ta zo ta karɓa. Waɗannan yaran dai su ne da rana za ka gan su a ɗakin gwaje-gwaje da farar riga suna auna ruwa a kwalba, ban taɓa ganin ɗayan karatun ya rage wa ɗayan komai ba.

Na daɗe ina tunanin me ya sa abin yake kama su haka, kuma amsar da na samu ba a cikin aji take ba, a unguwa take. Su ranar Asabar ba sa tuƙa mota, ba sa kunna wuta, ba sa taɓa waya, tun daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito ranar Asabar da daddare. To tun da dole da ƙafa za ka je wurin ibada, dole ka zauna kusa, shi ya sa malamin aji maƙwabcinka ne, shugaban makaranta a sahu ɗaya kuke tsayawa da shi, yaron da ya yi rashin kunya ranar Laraba zai haɗu da malaminsa a teburin babansa ranar Asabar. Juma'a da hunturu ana tashi da wuri don rana tana faɗuwa tun wajen huɗu da rabi, ni ma hakan ya yi min daidai ina samun Juma'ata, kuma tun da hantsi ƙamshin burodin nan nasu mai kitso zai cika ko'ina, 'yan rainon suna fitowa kowa da nasa ɗan ƙarami da ya murza da hannunsa. Sau da yawa wani zai tsaya ya gutsura min. A kowane aji akwai ɗan gwangwani da ake jefa kwabbai kowace safiya, tsedaka suke cewa, kana ji ka san kalmarmu ce ta sadaka, tushensu ɗaya.

Akwai shekarar da mahaifin wani yaro ya rasu, matashi ne ma, ciwon zuciya. Suna zaman makoki na kwana bakwai a gida, a kan 'yan kujeru gajeru, kuma addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai maza goma sun taru, to sai na ga kullum da asuba da yamma ana kwasar manyan ɗalibai ana kai su gidan don adadin ya cika. Iyaye mata kuma suka buɗe jadawali a intanet, wance Litinin wance Talata, abinci bai yanke a gidan nan ba har wajen wata biyu. Kuɗin makarantar yaron da na ƙannensa kuwa ban san wa ya biya ba, na dai san ba wanda ya daina zuwa. Kuma kuɗin ba wasa ba ne, a irin waɗannan makarantu na sakandare yakan haura dala 30,000 a shekara kan yaro ɗaya, mai yara huɗu ka lissafa. Kar wani ya ce ai duk masu kuɗi ne, ƙarya ne, na sha ganin uwa ta fito daga ofishin kwamitin tallafi idonta ja, don sai ka baje musu takardun harajinka da na albashinka kafin a rage maka. Su kansu suna kuka da tsadar. Amma suna biya, masu hali suna ɗaukar nauyin marasa hali, saboda a wurinsu makarantar tasu ce, ba ta gwamnati ba ba ta wani mai kuɗi ɗaya ba. Iyayen ma ba su ajiye karatu ba, akwai masu zuwa tun shida na safe su karanta shafi ɗaya na Talmud kafin su wuce aiki, shafi 2,711 ne, shekara bakwai da rabi ake yi kafin a sauke, saukar da aka yi ranar 1 ga Janairun 2020 ma filin ƙwallo aka cika da mutum wajen 90,000. Yaron da ya ga babansa likita ko direba ya buɗe littafi da asuba ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan muhimmancin karatu.

Zan faɗi wani abu saboda na san yana ran mai karatu. Makarantar nan tana da tutar Isra'ila a ƙofa kusa da ta Amurka. A watan Mayun 2021, kwanakin ƙarshe na azumi, ana ruwan bama-bamai a Gaza, ni kuma ina tsaye a ƙarƙashin tutar nan da ƙishirwa a bakina da hotunan yaran Falasɗinu a wayata, Allah ne kaɗai ya san abin da na ji a kwanakin. Ra'ayina a kan wannan bai canza ba. Amma yaran da nake buɗe wa ƙofa ba su jefa wa kowa bam ba, kuma su waɗanda zan soki makarantunsu yanzu, babbar ƙungiyarsu ta Satmar ba ta ma yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba sam, a aƙidarsu haramun ne kafin zuwan Almasihun da suke jira. Don haka maganata ba ta siyasar Gabas ta Tsakiya ba ce, ta yaro ce da abin da ake bin sa bashi.

To su waye ake rigimar da su? Su ne Hasidawa, masu baƙaƙen riguna da dogon gashi a gefen kunne, waɗanda za ka gani a Williamsburg da Borough Park cikin Buruklin, da Monsey da Kiryas Joel a wajen gari. Harshensu na gida Yidish ne. A makarantunsu na maza, yawanci yaro yana samun Turanci da lissafi na kamar minti 90 ne a ƙarshen yini bayan ya gama gajiya, kwana huɗu a sati, daga shekara 8 zuwa 12, yana kai 13 kuma a wurare da yawa shikenan an rufe wannan babin sai karatun addini zalla daga safe har dare. Matan sun fi samun boko sosai, don su ba a ɗora musu Talmud. Jihar Niyok kuwa tana da doka tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa makarantar kuɗi dole ta ba da ilimin da ya yi daidai da na makarantar gwamnati a muhimman fannoni. Wani da ya taso a cikinsu, Naftuli Moster, ya kafa ƙungiya a 2012 yana neman a aiwatar da dokar, a 2015 mutum 52 suka kai ƙorafi kan makarantu 39, binciken ya yi ta jan ƙafa har Disambar 2019 sannan birnin ya ce cikin 28 da ya duba biyu kacal suka cika sharaɗi. A Satumbar 2022 jaridar New York Times ta fito da rahoton da ya girgiza gari, ta ce wata babbar makarantarsu ta ba yara sama da 1,000 jarrabawar jiha ta karatu da lissafi a 2019 kuma ba ko ɗaya da ya ci, sannan makarantun maza nasu sun karɓi sama da dala biliyan 1 na kuɗin gwamnati cikin shekara huɗu. A watan ne hukumar ilimi ta jiha ta fito da sabbin ƙa'idoji, amma a 2025 'yan siyasa suka sassauta su a cikin kasafin kuɗi, don mutanen nan ƙuri'arsu a dunƙule suke kaɗawa, ba ɗan takarar da ke son ɓata musu.

Ba zan yi musu rashin adalci ba, tsoronsu yana da tushe. A 1827 sarkin Rasha ya fara kwashe 'ya'yansu ƙanana ana kai su soja na shekara 25, da yawa aka raba su da addininsu. A 1892 babbar makarantar Yahudawa ta Volozhin a ƙasar Rasha ta lokacin ta rufe bayan gwamnati ta matsa sai an cika ta da darussan Rashanci, har yau suna ba 'ya'yansu wannan labari. Su Satmar kuwa ragowar Yahudawan Hungary ne, waɗanda a cikin 'yan watanni na 1944 aka kwashe sama da 430,000 daga cikinsu, akasari zuwa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi. Waɗanda suka tsira suka zo Buruklin ba su da komai, suka rantse sai sun mayar da abin da aka ƙona, yaro da yaro, littafi da littafi. In jami'in gwamnati ya ƙwanƙwasa ƙofar makarantarsu da takarda a hannu, ba takardar suke gani ba. Ni Bahaushe ba sai an yi min bayanin wannan ba, kakana ɓoye babana ya yi a rumbu da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, kuma ba don ba ya son sa ba ne. Suna kuma cewa ku dubi unguwanninmu, ba shaye-shaye kamar na waje, ba a bar kowa ya kwana da yunwa, muna da motocin asibiti namu na sa-kai, ku fara gyara makarantunku na gwamnati da yara ke fitowa ba su iya karatu ba. Akwai gaskiya a ciki.

Duk da haka ina tare da masu cewa a koya wa yaran, kuma dalilina wani saurayi ne da muka haɗu da shi a ajin dare na manya a wani ɗakin karatu, ni ina gyara Turancina shi kuma yana neman takardar sakandare. Shekararsa 24, da mata da 'ya'ya uku, a garin nan aka haife shi aka haifi babansa, amma cike fom na asibiti sai an taya shi. Ba wai ya bar addininsa ba ne, da gashinsa da hularsa yake zuwa, a ɓoye ma yake zuwa kar a sani. Kaifin ƙwaƙwalwarsa kuwa sai ka riƙe baki, in ana muhawara ba mai kayar da shi, amma ranar da malama ta rubuta rabi a haɗa da sulusi a allo na ga ya sunkuyar da kai hannunsa yana rawa. Da muka fito ya ce min, ɗan'uwa shekara goma sha biyar ina karatu awa goma a rana, ka ga inda nake. Aikin da yake yi ɗaukar kaya ne a sito na wani ɗan ƙungiyarsu, in ya yi musu da mai gidan ba inda zai je. Wannan yaron bai zaɓi makarantarsa ba, zaɓa masa aka yi yana ɗan shekara uku, kuma wanda ya zaɓa masa ba shi zai ciyar da 'ya'yansa ba.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne hujjar tana cikin littafinsu. Malamin nan na ɗakin karatu ne ya gaya min, Talmud ya lissafa abin da ɗa yake bin ubansa, ya koya masa Attaura, ya yi masa aure, ya koya masa sana'a, wasu suka ƙara har da iyo a ruwa, kuma wani malami a ciki ya ce wanda bai koya wa ɗansa sana'a ba kamar ya koya masa fashi ne. To a Niyok ta yau wace sana'a ce za ka yi ba Turanci ba lissafi? Kuma in tsoron shi ne boko zai cire yaro daga addini, ni shekara huɗu ina kallon yaran da suke yin duka biyun, suna gamawa su tafi jami'a da hularsu a kai, su dawo su auri 'yan unguwa su kawo nasu 'ya'yan ƙofar da nake gadi. Wasu suna zamewa, ƙwarai, amma a Williamsburg ma ana zamewa, sai dai can wanda ya fita yana fita ne hannu rabbana. Abin da na ga yana riƙe yaro shi ne teburin daren Asabar, da maza goman da suka zo gidansu ran da babansa ya rasu, da abokin karatun da suka yi shekara shida suna musu. Hasidawa kuwa sun fi kowa wannan, sun ninka makarantar da na yi wa aiki a zumunci, don haka su ne ma ya kamata su fi kowa rashin jin tsoron awa uku na lissafi da Turanci.

Yadda za a yi shi ne inda nake rabuwa da wasu masu zafi. Rufe makaranta ko cin tarar iyaye ba zai haifar da komai ba sai ƙarin taurin kai, za su ce ga Volozhin ta dawo. A fara da abin da ba mai musu a kansa, karatu da rubutu da Turanci da lissafi har ƙarshen sakandare, a bar musu zaɓen littattafai da malamai daga cikinsu, a horar da masu duba makarantu da suke jin Yidish, amma kuɗin gwamnati kam a ɗaure shi da sakamako, wanda ya karɓi kuɗin jama'a dole ya nuna yaro ya iya karanta takardar maganinsa. Kuma dole gyaran ya samu masu shi a cikin gida. Mu mun ga yadda makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a 2012 da yawansu suka koma kufai, gini ne aka kawo daga sama, alarammomi da iyaye ba su taɓa jin nasu ba ne.

Mu nan Buronks namu matsalar a juye take, yaranmu suna makarantar gwamnati kwana biyar, Islamiyya kuma awa uku ranar Asabar da Lahadi a ƙasan wani gini, malami ɗaya yara hamsin, wanda ya gaji kuma sai ya tura ɗansa Kumasi ko Kano ko Yamai shekara huɗu ya dawo da izu sittin amma an wuce shi a aji, ga shi ya zama baƙo a gidan ubansa. Watan jiya bayan sallar isha'i na tsayar da liman na ce Malam, me zai hana mu riƙa haɗa yaran nan bibbiyu suna yi wa juna tambaya maimakon kowa ya yi ta ihu shi kaɗai, sannan mu iyaye mu riƙa zama a bayan aji da namu littafin ko na rabin awa ne, mu kuma yi karo-karo a ƙaro malami na biyu? Ya ce Alhaji a ina ka samo wannan? Na gaya masa gaskiya. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce in rubuto sunayen waɗanda za su iya ba da dala ashirin a wata. Zuwa daren jiya mun kai mutum tara, yayana ne na huɗu a takardar.